Wata 14 ina shan kafso saboda ƙurajen fuska

Ƙanwata ce ta tsare ni da tambaya kwanakin baya. Ta daɗe tana kallon fuskata, can sai ta ce, "Yaya, don Allah faɗa mini sunan kafson nan da kika sha. Sunan kawai nake so." Shekarunta 19, goshinta ya cika da ƙananan ƙuraje, kuma na san irin kallon da take yi wa madubi, don ni ma na daɗe ina yin sa. Na ce mata ba zan ba ta sunan shi kaɗai ba. Ranta ya ɓaci, ta ɗauka rowa nake mata. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne, haka aka miƙo mini sunan nan tsurarsa, babu bayani, babu ranar dainawa, na yi ta shan sa har wata 14.

Ban yi fama da ƙuraje sosai ba lokacin balaga. Sai da na kai shekara 24 suka taso mini gadan-gadan, a haɓa da gefen muƙamuƙi, wani lokaci har wuya. Manya ne, masu zurfi, irin waɗanda za ki ji zafinsu a ƙarƙashin fata kwana biyu kafin ido ya gan su. Yawancinsu ba sa yin kai. Sai ɗaya ya yi sati biyu yana zugi, ya lafa, ya bar mini baƙin tabo da zai yi wata huɗu bai goge ba, kafin nan wasu uku sun fito kusa da shi. Na daina shiga hoto. Idan ina magana da mutum, ina lura da lokacin da idonsa ya sauka daga idona zuwa haɓata, daga nan kuma ba na jin sauran abin da yake faɗa. Masu ba da shawara ba su ƙyale ni ba, kowa da tasa, amma wadda ta fi yi mini ciwo ita ce "ki riƙa wanke fuskarki da kyau". A lokacin sau huɗu nake wanke ta a rana, har fatar tana ɗaurewa tana sheƙi.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada doksisaikilin, wani antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, ita ma shi ya taimake ta. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, ba na riƙe ta da komai. Na samo kafson mai miligiram 100, na fara shan ɗaya kullum. Sati uku ban ga komai ba. Wajen sati na shida na farka wata safiya na shafa haɓata, ban ji zafi a ko'ina ba. Na manta rabon da in ji haka. Zuwa ƙarshen wata na biyu babu wani sabon babban ƙurji, sai tabbai kawai. Na yi murna har da hawaye, na ajiye maganin, a raina na warke.

Bayan sati biyar suka dawo, a wuraren nan dai na da. Na koma kan kafso. Suka lafa. Na daina, suka dawo. A karo na uku na ce ba zan sake dainawa ba, na yi wata takwas a jere ina sha. A nan ne na fara ganin abin da ya tayar mini da hankali: ina kan magani, ban tsallake ko rana ɗaya ba, amma ƙurajen suna fitowa abinsu. Ba su kai na farko muni ba, sai dai maganin da ya share mini fuska a wata biyu ya koma kamar ina haɗiyar fanko.

Jikina kuma yana ta ba ni labari ban saurara ba. Cikina ya riƙa ɓaci, yau kumburi gobe gudawa. Sau uku na yi fama da ƙaiƙayin gaba mai fitar da farin ruwa, ina sayen maganinsa daban, ban taɓa haɗa shi da kafson ba. Daga baya na gane cewa antibayotik ba ya tantance ƙwayoyin da yake kashewa. Yana rage masu amfani da ke zaune a hanji da gaban mace, sai naman gwarin da suke dannewa ya samu fili. Idan na ɗan jima a rana, goshina da bayan hannuna sai su riƙa raɗaɗi kamar an goga mini wani abu mai yaji. Ni da nake ganin baƙar fata ba ta ƙunar rana.

Daren da ya kai ni gaban likita kuwa ba zan manta shi ba. Na riga na kwanta sai na tuna ban sha magani ba. Na miƙa hannu na ɗauko, na haɗiye shi da ɗan guntun ruwan da ya rage a kofi, na koma na kwanta. Cikin dare zafi ya tashe ni a tsakiyar ƙirji, kamar an ajiye mini garwashi a bayan ƙashin. Da safe ko yawu na haɗiya sai na runtse ido. Kwana huɗu ina haka, ruwa ma da kyar yake wucewa. Likitan da ya duba ni ya tambayi magungunan da nake sha, ina ambatar doksisaikilin ya ce to ga shi nan. Kafson ne ya maƙale a bututun da abinci ke bi zuwa ciki, ya narke a wurin, ya ƙona shi. Da ya ji tsawon lokacin da na yi ina sha, ya ajiye biro ya dube ni. "Malama, wa ya ɗora ki a kansa?" Na ce babu kowa. Ya ce in dakatar, ya ba ni maganin ƙunar, ya tura ni wurin likitar fata.

Na shiga wurinta a shirye da faɗa, sai ta fara da tambayoyi. Yaushe suka fara. Ko suna ƙaruwa gab da al'ada. Ko al'adar tana zuwa a kan lokaci. Ko gashi yana fito mini a haɓa. Ko ina da juna biyu, ko ina neman samu, ko ina shayarwa. Me nake shafawa a fuska da gashi, ɗaya bayan ɗaya, har ta sa na nuna mata hotunan kwalaben a waya don ta tabbatar babu mai ɗauke da sitiroyid, saboda shi kansa yana haddasa ƙuraje. Sai ta zo kan tambayar da ta ba ni mamaki: "Wane man magani kike shafawa tare da kafson?" Na ce babu. Ta gyaɗa kai kamar dama amsar da take jira ke nan.

Ta jawo takarda ta zana mini ƙofar gashi guda ɗaya, ramin da ke fata wanda siririn gashi ke fitowa daga cikinsa, da 'yar jakar maiƙo a gefensa. Har yau takardar tana wurina. Ta ce abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su yi ƙurji. Jakar tana fitar da maiƙo fiye da kima, galibi bisa umarnin sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda maza da mata duk suna da su. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kakkaɓe su fice sai su manne da juna su toshe bakin ramin. A cikin ramin da ya toshe, babu iska ga maiƙo jingim, wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes sai ta hayayyafa. Sannan garkuwar jiki ta kawo ɗauki, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya. Bakteriyar nan ba baƙuwa ba ce, tana fatar kowane baligi, har masu fuska sumul. Shi ya sa ƙuraje ba ƙazanta ba ne kuma ba a ɗaukarsu a jikin wani.

Ta ɗora alƙalami a kan biyu na ƙarshe ta ce, "Nan kaɗai kafsonki yake aiki." Yana rage bakteriyar, yana kuma kwantar da kumburi, wanda ma shi ne babban amfaninsa a wannan ciwon. Maiƙon da toshewar kuwa bai san da zamansu ba. Duk watannin da na yi fuskata tana lafiya, ramukan suna ci gaba da toshewa a ƙarƙashi, ban gani ba saboda an danne kumburin. Ina janye magani wuta ta sake kamawa, don itacen yana nan a jibge. Ban taɓa jin bayanin da ya warware mini shekara biyu na rayuwata cikin minti biyar kamar wannan ba.

Game da dalilin da ya sa ya daina yi mini aiki, ta ce ba za ta rantse a kan abu ɗaya ba. Na farko, ta gano ina shan ƙwayar ƙarin jini, kuma tare nake watsa su baki da safe a watannin ƙarshe. Sinadarin ƙarfe da ke cikinta yana kama doksisaikilin a hanji ya hana jiki tsotse shi yadda ya kamata. Haka kalsiyam da zinki da magniziyam suke yi, har da ruwan maganin ƙwannafi da mutane ke kurɓa ba tunani. Ana raba su da awa biyu zuwa uku. Na biyu shi ne wanda ya fi damunta. Idan aka daɗe ana zuba wa bakteriya antibayotik shi kaɗai, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, har a wayi gari yawancin waɗanda ke fatar ba sa jin maganin. Kuma abin bai tsaya kan bakteriyar ƙuraje ba. Duk wata ƙwaya da ke hancina da maƙogwarona da hanjina ta sha wannan horon na wata 14.

Wannan maganar ta zauna mini a rai, na koma gida na yi ta karatu a kai. Dangin tetirasaikilin, waɗanda doksisaikilin ke cikinsu, tsofaffin magunguna ne, tun shekarun 1940 aka gano na farkonsu daga wata bakteriyar ƙasa, doksisaikilin kuma ya shigo kasuwa a 1967. Tun ƙarshen shekarun 1970 likitoci suka fara ba da rahoton bakteriyar ƙuraje da ta bijire wa magani, musamman antibayotik biyu, eritiromaisin da kilindamaisin, har ta kai yau ba a ɗora wa eritiromaisin nauyi sosai a wannan ciwon sai inda babu zaɓi. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Na san ƙurajen fuskata ba su ne suka kashe kowa ba. Amma doksisaikilin ɗin nan da nake haɗiya kamar ba komai, shi ake nema idan mutum ya kamu da wasu cututtukan huhu, ko na saduwa, ko zazzaɓin da kaska ke yaɗawa. Na ji nauyin hakan, har yanzu ina ji.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne ƙa'idar a rubuce take, ba ɓoyayya ba ce. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin ba da magani, a jagorar da ta fitar a 2021, ta ce a ba da antibayotik na sha tare da man shafawa wanda ba antibayotik ba, a sake duba mutum bayan sati 12, kuma kada a wuce wata shida sai da dalili na musamman. Ta hana ba da shi shi kaɗai, ta hana haɗa antibayotik na sha da antibayotik na shafawa a lokaci guda. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma, a tata jagorar ta 2024, ta ƙarfafa amfani da doksisaikilin amma ta ce a taƙaita lokacinsa gwargwadon iko, galibi wata uku zuwa huɗu, kuma a haɗa shi da maganin shafawa. Ni na ninka wannan sau uku da ɗoriya. A duk zuwan da na yi karɓar maganin, babu wanda ya taɓa tambayata na mene ne, ko tun yaushe. Tambaya ɗaya da ta isa. Ina ganin duk wanda ke miƙa wa mutane irin wannan magani yana da haƙƙin yin ta.

Na zaci likitar za ta ce in rabu da antibayotik har abada. Ba ta ce haka ba. Ta ba fatata hutu, ta fara ni da man shafawa kaɗai na wasu makonni, da ta ga manyan ƙurajen nan masu zurfi suna ci gaba da barin tabo, ta ce za mu sake yin zagaye ɗaya, amma wannan karon da tsari. Ta rubuta ranar farawa, ta ƙirga sati 12, ta rubuta ranar dawowa a saman takardar ta ja layi a ƙarƙashi.

Tsarin bai da wani sarƙaƙiya. Kafso ɗaya da safe, bayan na ci wani abu don gudun tashin zuciya, da cikakken kofin ruwa, ina zaune ko a tsaye, kuma babu kwanciya sai bayan aƙalla rabin awa. Ƙwayar ƙarin jini ta koma yamma. Man kariya daga rana kullum kafin in fita. Da dare kuma, bayan na wanke fuska da sabulu mai laushi ta bushe sarai, in shafa man da ya haɗa adafalin da benzoyil feroksayid. Ta ja mini kunne a kan yadda ake shafa shi: ɗan ɗigo kaɗan a kan yatsa, a baza shi siriri a duk yankin da ƙurajen ke fitowa, har inda fata take lafiya a ido. Ni da na saba ɗiga magani a kan ƙurji ɗaya-ɗaya. Ta ce wanda ya riga ya fito ya fito, aikin man shi ne hana wanda ke shirin fitowa nan da wata guda. Adafalin yana gyara yadda fata ke zubar da matattun ƙwayoyinta don rami ya daina toshewa. Benzoyil feroksayid kuma yana kashe bakteriyar ta hanyar sakar mata iskar oksijin, kuma har yau ba a ga ta koyi bijire masa ba, shi ya sa haɗa shi da antibayotik ke rage haɗarin a ƙirƙiro masu taurin kai.

A nan na fi shan wuya, kuma a nan nake ganin mutane da yawa ke karaya su koma kan kafso kaɗai. Kafso ba ya neman komai a wurinki sai haɗiya. Man nan kuwa sati biyu na farko sai da fuskata ta bushe ta yi furfura, gefen bakina da hancina suna saɓa, idan na yi dariya in ji kamar za ta tsage. Na kira likitar ina cewa ya ƙona ni. Ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata, ki koma shafawa dare ɗaya ki tsallake ɗaya, ki riƙa bin sa da mai mai sanya laushi wanda ba ya toshe fata. Kada ki daina." Na bi. Wajen sati na huɗu saɓar ta tsaya, na koma kullum. Ya ɓata mini tawul biyu da rigar filo mai ruwan bula, don benzoyil feroksayid yana cin launin tufafi. Tun daga nan farare nake amfani da su.

Sati na shida manyan suka daina fitowa. Sati na goma na lura da wani abu da ban gani ba a duk zagayen da na yi ni kaɗai: idan na shafa haɓata babu 'yan gudajin nan da ke ɓoye a ƙarƙashin fata. A da ko fuskar ta lafa suna nan kamar tsakuwa a cikin tabarma.

Ranar da sati 12 suka cika ta duba ni ta ce in ajiye kafson. Gabana ya faɗi. Sau biyu na taɓa dainawa, sau biyu na ga abin da ya biyo baya. Na roƙe ta ta ƙara mini ko wata ɗaya. Ta ƙi. Ta ce aikin da aka ɗauko shi ya yi ya gama, wato ya kwantar da wutar har man ya samu lokacin kama aiki, yanzu man ne zai riƙe. Sati biyar na farko kullum da fargaba nake duba madubi. Ƙurji biyu suka fito gab da al'ada, matsakaita, suka tafi cikin kwana biyar. Wata ya bi wata, babu abin da ya dawo irin na da. Tabban sun fi komai jinkiri, sai da suka ɗauki kusan shekara suna dusashewa, kuma na ga bambanci ƙarara tsakanin watannin da na kiyaye man kariya daga rana da waɗanda na yi sakaci. A fata mai duhu, tabon da ƙurji ke bari yakan fi ƙurjin kansa daɗewa, rana kuma ƙara masa baƙi take yi.

Na tambaye ta me za mu yi da a ce sun dawo da ƙarfi. Ta ce ba za ta mayar da ni kan antibayotik zagaye bayan zagaye ba. Ga mace mai irin nawa, na haɓa da muƙamuƙi masu bin al'ada, akwai sifironolakton, tsohon maganin hawan jini da ke rage tasirin androjin a jakar maiƙo, akwai kuma wasu ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadari biyu. Ga masu tsanani da ke barin ramuka akwai aisotiretinoyin, wanda ake amfani da shi tun 1982, mai tsuke jakar maiƙon kanta. Yana da ƙarfi ƙwarai, yana nakasa jariri a ciki, don haka ba a shan sa sai ƙarƙashin kulawar likitan fata da cikakken matakin hana ɗaukar ciki. Kuma ba a haɗa shi da doksisaikilin ko danginsa, saboda haɗin yana iya ta da matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Ko doksisaikilin kaɗai yakan yi hakan jefi-jefi. Ta ce duk mai shan sa da ya ji matsanancin ciwon kai da ba ya sauka, ko ganinsa ya fara dishi-dishi ko yana ganin abu biyu-biyu, ya dakatar ya nemi likita a ranar.

Akwai waɗanda wannan dangin magani bai dace da su ba sam. Mai juna biyu da mai shayarwa ba a ɗora su a kansa saboda ƙuraje, haka ƙananan yara, don yana shiga haƙoran da ke tsirowa ya canza musu launi na dindindin. A Amurka iyakar shekara 8 ce, a Birtaniya 12. Adafalin ma ba na mai ciki ba ne. Minosaikilin, ɗan uwan doksisaikilin, yana aiki, amma yana sa jiri, yakan bar shuɗi-shuɗin launi a fata ko dasashi idan an daɗe a kansa, wani lokaci ya taɓa hanta, shi ya sa likitoci da yawa ba sa farawa da shi. A Birtaniya limesaikilin suka fi bayarwa. Akwai wani sabo, saresaikilin, da aka amince da shi a Amurka a 2018, wanda aka ƙera don ya fi mayar da hankali kan bakteriyar fata ya rage ɓarna a hanji.

Da duk abin da na faɗa, ba na son wani ya karanta wannan ya tsorata da antibayotik har ya ƙi shan sa inda ya kamata. Ina da ramuka uku a kumatun hagu da ba za su taɓa cikewa da kansu ba, kuma na tabbata da an ɗora ni a kan tsarin nan tun watannin farko da babu su. Ƙurji mai zurfi yana cin naman fata, kowane sati da aka bar shi yana ƙuna asara ce. Na san masu zama shekaru suna gwada sabulu bayan sabulu saboda an ce musu ƙuraje ba ciwo ba ne, za su wuce da kansu. Na wasu suna wucewa. Na wasu kuma suna tafiya da fatarsu da kuma sakin jikinsu a cikin mutane. Idan ƙurajenki manya ne masu zafi, ko sun bazu har ƙirji da baya, ko sun fara barin rami, maganin sha yana da wurinsa, kuma wata uku na doksisaikilin bisa ƙa'ida alheri ne babba. Abin da nake ƙi shi ne yadda na yi: shi kaɗai, babu mai duba ni, babu ranar tsayawa.

Duk wannan na zauna na faɗa wa ƙanwata a daren da ta tambaye ni, har na ɗauko mata takardar zanen. Ta saurara, ko da yake na ga alamar har lokacin sunan take jira. Na raka ta wurin likita a satin da ya biyo baya. Da aka duba goshinta da fitila, aka ce nata kusan duk toshewa ce, 'yan farare da masu baƙin kai, babu kumburin kirki, irin waɗanda antibayotik ba ya taɓa su ko ta shekara tana sha. Adafalin kawai aka rubuta mata, da benzoyil feroksayid na wanke fuska, aka ce ta dawo bayan sati 12. A hanyar dawowa ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, wai ko ƙwaya ɗaya ba za a ba ni ba?" Na ce mata a'a.

Yau tana sati na uku. Jiya ta turo mini hoton gefen hancinta yana saɓa, ta rubuta cewa ita fa za ta daina. Na kira ta na ce ta koma dare ɗaya ta tsallake ɗaya, ta bi shi da mai mai laushi, gobe kuma zan kawo mata farin tawul.